ILIMIN YARO DA ARZIKIN GARINSU: INA ADALCI YAKE?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan watan Oktoba ya kama akan yi shelar komawa makaranta a ko'ina cikin ƙasar Nijar. Amma a ƙauyuka da yawa na ƙasar Mayahi da Tasawa, har da na ƙaramar hukumar Gidan Amumune, shelar takan riga ajin zuwa, domin ajin nan yana tsaye a gona tukuna. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, kara ya bushe, sannan iyaye su tara kara da zana da itace su kafa rumfar da yara za su zauna a ciki. Kafin a gama, makonni sun shuɗe. Haka kuma idan iskar bazara ta taso, ko ruwan farko ya sauka, rumfar ta tashi daga aiki, karatun shekara ya ƙare tun lokacinsa bai yi ba. Yaron da ke cikin ajin siminti yana da wata tara, na cikin rumfa kuwa an gutsure masa shekara ta kai da ta gindi, alhali jarrabawa ɗaya ke jiran su duka biyun.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya: shin ya halatta a ce ilimin da yaro zai samu ya rataya a kan arzikin garin da aka haife shi? Tambaya ce ta shari'a da ta lamiri, kuma amsarta ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato.

YADDA KUƊIN MAKARANTA KE TAFIYA

Kafin hukunci sai an san abin da ake hukunci a kansa. A ƙasarmu gwamnatin tsakiya ce ke biyan malaman makarantun gwamnati, ita ce kuma ke tsara abin da za a karantar, bisa dokar ilimi ta shekarar 1998. A shekarar 2004 aka yi zaɓen kansiloli na ƙananan hukumomi 265, Gidan Amumune tana ɗaya daga cikinsu, a matsayin ɗaya daga ƙananan hukumomi takwas na Mayahi. A 2016 gwamnati ta fitar da dokar miƙa wa ƙananan hukumomi wasu nauye-nauye a fannoni huɗu, wato ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ginin makarantun firamare da kula da su suka shiga ciki. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa jami'an riƙo a madadinsu. Masu riƙe da ragama sun canja, amma tambayar inda kuɗi zai fito ba ta gushe ba.

To daga ina ƙaramar hukuma ke samun nata? Akwai harajin kai da masu gari ke tarawa, wanda jama'a ke kira lanho, wanda ya daɗe a kan dala 140, wato sefa 700, ga kowane baligi a karkara. Akwai kuɗin kasuwa da na tasha da na cinikin dabbobi. Akwai patanti da masu sana'a ke biya, da kason harajin gidaje da filaye. Kowa ya duba wannan jeri zai ga cewa rijiya ce mai zurfi a birni, mai ƙarancin ruwa a ƙauye. Birnin da ke da benaye da shaguna da manyan tashoshi yana da abin da za a sa wa haraji. Ƙaramar hukumar da gidajenta na laka ne da bukkoki, arzikinta kuwa gero da wake da 'yan awaki, abin da za ta tara bai taka kara ya karya ba, kuma a shekarar fari, irin ta 1984 ko ta yunwar 2005, ko wannan ɗin ba ya taruwa.

Abin da ƙaramar hukuma ta kasa, sai ya faɗo a kan iyaye ta hanyar kwamitin kula da makaranta: kuɗin alli, kuɗin gyaran benci, karan rumfa, wani lokaci har da masaukin malami. Ta haka talaka ke biya sau biyu, ya biya lanho, ya kuma biya karo-karo, sannan ɗansa ya zauna a kan rairayi.

Kada kuma a ɗauka birni ya tsira gaba ɗaya. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a wata unguwar talakawa ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara irin wannan musiba ta auka wa wata makaranta a cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. A wancan lokaci hukumomi da kansu sun ambaci cewa azuzuwan kara sun kai kimanin 36,000 a ƙasar. Wannan ya nuna mana cewa rumfar kara tana bin talauci duk inda yake, ƙauye ne ko bayan gari.

DARASI DAGA ƘASA MAI ARZIKI

Wani zai ce ai wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. Ba haka ba ne. A Amurka, duk da yalwar da Allah ya ba ta, kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati daga yankin da makaranta take yake fitowa, mafi yawansa kuma daga harajin gidaje da filaye. Unguwar da gidajenta ke da tsada tana tara kuɗi mai yawa ko da an sa mata haraji kaɗan, unguwar talakawa kuwa ko an matsa mata ba ta kamo ƙafar waccan. A 1971 babbar kotun jihar Kalifoniya ta ce wannan tsari ya saɓa wa daidaito tsakanin 'yan ƙasa. A 1973 kuwa, a ƙarar da wasu iyaye talakawa na birnin San Antoniyo a jihar Teksas suka kai, kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa tsarin bai saɓa wa kundin mulkin tarayya ba. Tun daga nan gardamar ta koma kotunan jihohi, jihohi da dama kuma suka shiga ƙara wa yankuna matalauta kaso daga baitulmalin jiha. Abin lura a nan shi ne, yawan dukiya kaɗai ba ya kawo adalci. Matuƙar an ɗaure makaranta da arzikin unguwa, ɗan mai hali zai gāji ilimi kamar yadda yake gādon gida, ɗan talaka kuma ya gāji rashinsa.

HUJJAR MASU CEWA KOWA YA RIƘE NASA

Adalci ne mu saurari masu ɗaya ra'ayin, domin maganarsu tana da nauyi. Suna cewa mutanen gari su suka yi gumi suka tara, don me za a kwashe a kai wani wuri? Suna cewa kuɗin da aka tara a gida aka kashe a gida, ido yana kansa, mai gari ya san wanda ya karɓa, iyaye sun san inda bulo ya tsaya. Kuɗin da ya tafi Yamai kuwa, kafin ya dawo ya bi ta hannuwa da yawa, kowane hannu kuma yana da danshi. Suna ƙarawa da cewa abin da mutum ya sa dukiyarsa a ciki shi yake tattali, wanda aka ba shi kyauta kuwa ko ƙofarsa ta ɓalle sai ya jira gwamnati. Har ma suna da madogara a addini: a lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, umarnin da ya ba shi game da zakka shi ne a karɓa daga mawadatan mutanen a mayar wa matalautansu. Daga nan malamai suka fahimci cewa asali shi ne a raba zakka a inda aka tara ta.

Ba mu musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsoron da talaka ke yi wa haraji yana da tarihi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. Kakanninmu sun ga harajin Nasara, wanda ya sa wasu barin garuruwansu suka tsallaka iyaka. A Kano da Kaduna, soke haraji da jangali na cikin ayyukan farko da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a 1979, talakawa kuwa suka yi murna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Sai dai hujjar ba ta tsaya a nan ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, waɗanda suka ce a raba zakka a wurin da aka tara ta, su ne kuma suka ce idan akwai wani wuri da ya fi tsananin buƙata, sai a ɗauki mafi yawanta a kai can. Ashe abin da shari'a ke bi shi ne buƙata, kusanci kuwa an gabatar da shi ne saboda maƙwabci ya fi sanin halin maƙwabcinsa. A shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya tsananta a Hijaz, Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnonin lardunan da ke da yalwa, ayarin abinci suka taho daga Sham. Babu gwamnan da ya ce abincin lardinsa na mutanen lardinsa ne kaɗai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da maganarmu, domin a kan harajin ƙasa ya faru. Da aka ci ƙasar Iraƙi mai albarkar noma, wasu sahabbai, cikinsu har da Sayyidina Bilal, suka nemi a raba gonakin ga mayaƙan da suka ci ta. Sayyidina Umar ya ƙi. Ya bar ƙasar a hannun manomanta, ya sa mata haraji, harajin kuma ya zama na al'umma gaba ɗaya. Ya kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri waɗanda suka ambaci rabon masu zuwa daga baya, suka kuma yi gargaɗi game da taruwar dukiya a hannun mawadata kaɗai. Alƙali Abu Yusuf ya kawo wannan labari a littafinsa na haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid. Mu duba da kyau: mayaƙan nan sun fi kowane mai biyan haraji na yau ikon cewa guminmu ne, amma aka ce musu a cikin wannan ƙasa akwai haƙƙin wanda ke nesa da wanda ba a haifa ba tukuna. Yaron da ke zaune a rumfar kara a Gidan Amumune yana cikin irin waɗannan masu zuwa daga baya.

Game da ilimi kansa, masu tarihin Annabi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, an karɓi koyar da yara goma na Madina a matsayin fansarsa. Fansa dukiya ce ta al'umma a lokacin da al'umma ke cikin tsananin buƙata, amma aka juya ta zuwa karatun yara. A ƙasar Hausa kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato da guzurinsu kaɗai ba, ta naɗa jajis suna kai karatu har inda matan suke.

ARZIKIN BIRNI DAGA INA YA FITO?

Sauran maganar gumi. Gaskiya ne ɗan kasuwa ya sha wahala kafin ya gina shagonsa. Amma mu tambaya: arzikin Maraɗi da alhazanta suka shahara da shi, ba a kan gyaɗar manoman karkara ya fara tsayuwa ba? Waken da ake lodawa zuwa Nijeriya, da dabbobin da ake korawa, da tabarmi da igiyar da ake saƙawa da kabar Gulbin Kaba, a tsakiyar birni suke tsirowa? Ƙauye ke nomawa, birni ke auna riba, harajin ribar kuma a birni ake biyan sa. Saboda haka idan aka ɗebi wani abu daga abin da birni ya tara aka gina aji a ƙauye, ruwa ne ya koma rijiyar da aka ɗebo shi.

Sannan yaro bai zaɓi garin haihuwarsa ba. Shari'a ba ta kama wani da laifin wani, balle ta kama yaro da talaucin ubansa, wanda shi ma ba laifi ba ne. Allah ya fifita wasu a kan wasu a arziki don jarrabawa, ya kuma ɗora wa mai shi haƙƙi. Idan muka bar rabon ilimi ya bi sawun rabon dukiya, mun mayar da jarrabawar shekara ɗaya ta zama gādo na zuriya bayan zuriya. Kuma cutar ba ta tsayawa a ƙauye: yaron da bai iya karatu ba, bai iya sana'a ba, gobe a tashar birni za a same shi. Ɗa na kowa ne.

Amma tsoron masu cewa kuɗi na ɓata a hanya yana nan, kuma malamai ba su yi sakaci da shi ba. Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu bayan zakka idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar jama'a ta tabbata, da sharaɗin shugaban ya zama adali, a karɓa gwargwadon buƙata, a kashe a inda aka ce. Ashe haƙƙin karɓa da wajibcin bayani tagwaye ne. Hukumar da ke son a yarda ta ɗauki na wani gari ta kai wani, dole ta buɗe littafinta kowa ya gani.

ABIN DA MUKE GANI

Na farko, akwai gwargwadon da bai kamata wani yaro ya faɗi ƙasa da shi ba ko ina yake: aji mai rufin da wuta ba ta lashewa cikin ƙiftawar ido, wurin zama, littafi, ruwan sha, makewayi, da malamin da ake biya a kan lokaci. Wannan nauyin baitulmalin ƙasa ne, a lissafa shi bisa yawan yara, a ƙara wa wurin da ya fi talauci da nisa. Tun 2008 aka kafa hukumar ANFICT don tallafa wa ƙananan hukumomi da daidaita tsakaninsu. Tunanin mai kyau ne, abin da ake nema shi ne a zuba wa irin wannan asusu abin da zai isa, ya kuma isa a kan kari. Miƙa wa ƙaramar hukuma nauyi ba tare da kuɗinsa ba kamar aiken yaro kasuwa ne hannu wofi.

Na biyu, abin da gari ya tara da kansa ya zama ƙari a kan wancan gwargwado, ya kuma zauna a hannun mutanen garin, don kada a kashe zuciyar masu ƙoƙari. Ta haka an riƙe alherin da ke cikin hujjar masu cewa kowa ya kula da nasa.

Na uku, duk abin da ya shigo da abin da ya fita, na ƙaramar hukuma da na kwamitin makaranta, a rubuta shi a manna a bango, a kuma karanta shi da Hausa a gaban jama'a, ko a dandali ko a ƙofar masallaci bayan an sallame Juma'a. Mai gaskiya ba ya tsoron lissafi.

Na huɗu, kada a kori yaro daga aji saboda ubansa bai biya karo-karo ba. Malamanmu na allo sun daɗe suna karɓar kuɗin Laraba daga mai shi, suna kuma karantar da marar shi, ba su taɓa tambayar maraya abin da ya kawo ba. Makarantun allo ɗin nan su ma 'ya'yanmu ne a cikinsu, duk gyaran da ya manta da su gyaran rabi ne. Haka nan 'ya'ya mata, waɗanda su ake fara cirewa idan kuɗi ya gaza.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan malamai ba su ga a gina aji da zakka ba, domin an ƙayyade masu cin ta kashi takwas a Suratut Tauba, ko da yake ana ba ɗalibi matalauci saboda talaucinsa. Amma ƙofar waƙafi a buɗe take. Da dukiyar mace ɗaya, Faɗimatu al-Fihriyya, aka kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a shekarar 859, ya zama matattarar ilimi fiye da shekara dubu. Muna kira ga alhazanmu da 'yan kasuwa da 'ya'yan yankin nan da ke ci-rani ko aiki a Maraɗi da Yamai da Kano da sauran wurare: wanda Allah ya hore wa, ya tsayar da gona ko shago ko rijiya, amfaninta ya riƙa tafiya ga makarantar ƙauyensu. Garin da ke da masallatai uku a unguwa ɗaya alhali yaransa na karatu a rumfa, ya kamata masu niyyar alheri a cikinsa su tambayi malamai inda sadakarsu ta fi lada. Wanda ba shi da kuɗi kuma yana da ƙarfi, gayyar da ke nome gona tana iya buga tubali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, wanda haraji ya hau kansa bisa ƙa'ida ya biya, kada ya ɓoye shago ko ya rage ƙidayar gidansa, sannan ya tsaya ya nemi bayani da ladabi da naciya. Wanda bai ba da nasa ba, bakinsa ya yi nauyi wajen tambaya.

Ya 'yan'uwa, kowannenmu makiyayi ne a kan abin da aka ba shi, shugaba a kan baitulmali, mai dukiya a kan dukiyarsa, uba a kan 'ya'yansa, malami a kan ajinsa, kuma akwai ranar da za a tambaye mu. A ranar nan ba za a karɓi uzurin cewa yaron ba ɗan garinmu ba ne. Kaka mai zuwa, idan muka ga ana ɗaukar kara zuwa filin makaranta, mu tuna cewa a cikin rumfar nan akwai limamin gobe da ungozoma da alƙali, mu tambayi kanmu abin da muka yi a kai tun bara.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sa albarka a dukiyar masu bayarwa, ya shiryi zuriyarmu, ya ba mu damina mai albarka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, muna neman gafararsa.